Shirin Kakar Ƙwallo a Manyan Makarantun Sakkwato: Ina Gurbin Samarin Isa da Sabon Birni?

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe sabon zangon karatu a manyan makarantun jihar Sakkwato, akwai aikin da kan kankama tun kafin jadawalin darussa ya daidaita. Ofishin wasanni kan liƙa sanarwa a allon bango, mai horarwa ya fito da usur da buhun ƙwallaye, a sassabe ciyawar da damina ta bari a fili, a sake zana layuka, sannan a kira ɗalibai maza su zo gwaji. Bayan 'yan makonni sai a tace su, a fitar da mutum ashirin da 'yan kai waɗanda za su sa rigar makaranta su je gasa da sunanta. Wannan shi ne shirin sabuwar kakar wasa kamar yadda aka saba ganinsa, kuma mafi yawan abin da ake faɗa a kansa bai wuce ƙarancin kayan atisaye da kuɗin mota da alawus ɗin 'yan wasa ba.

Waɗannan koke-koke suna da tushe, sai dai akwai tambayar da ta riga su. Mai horarwa ba ya zaɓe sai daga cikin waɗanda suka tsaya a gabansa ranar gwaji. Saboda haka, kafin a tambayi wa ya fi gudu ko wa ya fi iya riƙe ƙwallo, ya kamata a tambayi wa ya iso filin, wa ya kasa isowa, kuma me ya tare shi. A Sakkwato ta yau, duk wanda ya bi diddigin wannan tambaya zai tsinci kansa a gabashin jihar, a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, a garuruwa irin su Turba da Bafarawa da Gatawa da Tara da Unguwar Lalle. Matsayin wannan maƙala shi ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kowace babbar makaranta a jihar ba ta gama shirin kaka ba matuƙar ba ta yi tanadi na musamman domin samarin wannan yanki ba, kuma masana Hausa suna da nasu kaso a cikin wannan tanadi.

Abin da Ƙwallon Makaranta Yake Ɗauke da Shi

Wasannin manyan makarantu sun daɗe a Nijeriya. An gudanar da gasar jami'o'i ta farko, wadda aka fi sani da NUGA, a Ibadan a shekarar 1966, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikin jami'o'i biyar da suka fara ta. Daga baya kwalejojin kimiyya da fasaha suka kafa tasu, wato NIPOGA, kwalejojin ilimi su ma suka kafa NICEGA. A 2018 aka ƙaddamar da gasar HiFL, wadda ta keɓanta ga ƙwallon ƙafa a manyan makarantu, inda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta shiga da sunan UDUS Sultans, Jami'ar Bayero ta Kano kuma da sunan BUK Stallions.

Tarihi ya nuna cewa aji da fili ba abokan gāba ba ne. A cikin tawagar da ta ciwo wa Nijeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas. A Amurka kuwa, wasannin kwaleji tsari ne cikakke mai kakarsa da dokokinsa, har ɗalibi kan sami tallafin karatu saboda ƙafarsa. Nijeriya ba ta da irin wannan tsari, amma tana da ƙasa mai fitar da 'yan wasa, kuma Sakkwato ba ta fita daga ciki ba. Shehu Abdullahi, haifaffen birnin Sakkwato, ya buga wa Kano Pillars, yana cikin tawagar da ta sami lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya kuma je gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha.

Duk da haka, ba samar da ƙwararru ne babban amfanin ƙungiyar makaranta ba, domin kaɗan ne daga cikin 'yan wasanta za su ci abinci da ƙwallo. Amfaninta na yau da kullum ya fi kusa da haka. Ita ce ke ba ɗalibin da ya baro ƙauyensu dangi na farko a cikin birni. Ita ce ke tashinsa da asuba, ta koya masa bin umarni da haƙuri da rashin nasara. Ita ce ke fitar da shi daga jiharsa a karon farko, ta haɗa shi da tsaransa na wasu sassan ƙasa. Bagobirin da ya yi karo da Bayarabe a filin gasar jami'o'i ya haɗu da abokin wasansa na asali, kuma barkwancin da ke tsakanin al'ummomin biyu ya girmi ƙwallon kansa. Wanda aka hana shi wannan dama an hana shi wani yanki na ilimin da jami'a ke bayarwa, ko da kuwa ba a rubuta shi a takardar shaida ba.

Inda Ake Ƙera Ɗan Wasa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasan da ya bayyana a gwajin jami'a yana da shekara 18 ko 20 ba a ranar aka yi shi ba. An ƙera shi ne tsakanin shekara 12 da 17, a lokacin da ƙafa take koyon taɓa ƙwallo, huhu yake koyon jure minti 90, ido kuma yake koyon karanta fili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A karkarar ƙasar Hausa wannan horo yana da maƙera biyu. Ta farko ita ce filin bayan gari, inda yara kan fara da ƙwallon tsumma da tsakuwa biyu a matsayin raga, su yi ta bugu bayan La'asar har kiran Magariba. Ta biyu ita ce makarantar sakandare, musamman ta kwana, inda ake da fili mai awo, da malamin wasanni, da gasar gidaje, da karawa tsakanin makarantu.

A gabashin Sakkwato duka maƙerun biyu sun sami rauni a lokaci guda. A watan Disamba na 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan kan iyaka. A cikinsu akwai sakandaren gwamnati ta Isa, da ta Sabon Birni, da kwalejin fasaha ta Olusegun Obasanjo da ke Bafarawa. An ba da umarnin haɗe ɗalibansu da na wasu makarantu a wuraren da suka fi tsaro. Matakin ya dace da halin da ake ciki, domin rai ya fi komai. Amma duk wanda ya san makaranta ya san abin da kan fara faɗuwa idan aka cunkushe ɗaliban makarantu biyu ko uku wuri guda: ana fama da ɗakin kwana da tukunyar abinci, wa zai tuna da fili? Wanda kuma iyayensa suka ji tsoron tura shi nesa, ya rasa ajin da filin gaba ɗaya.

Filin bayan gari shi ma bai tsira ba. Wasan yamma yana buƙatar gari mai kwanciyar hankali, inda uwa za ta bar ɗanta ya fita bayan ganuwa ba tare da fargaba ba. A garin da ake sa ido kan ƙurar babura daga daji, inda ake shiga gida tun rana ba ta faɗi ba, fili kan koma kufai. Karawa tsakanin ƙauye da ƙauye, wadda a cikinta ake gane yaro mai baiwa har sunansa ya kai hedikwatar ƙaramar hukuma, ta dogara ne kacokan a kan hanya.

A nan lissafin yake da sauƙi. Yaron da yake da shekara 13 a Disamba 2020 ya cika 18 a 2025. Wato samarin da ke ƙwanƙwasa ƙofar manyan makarantu a waɗannan shekaru su ne waɗanda shekarunsu na ƙira suka faɗa cikin wannan rufewa. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya a layin gwaji kusa da wanda ya tashi a cikin birni, yana kallon wasa a filin Giginya, yana buga wa ƙungiyar unguwa mai koci da riguna, ba a buƙatar boka ya faɗi wanda usur zai zaɓa. Gwajin da aka yi wa kowa daidai a rana ɗaya zai iya zama rashin adalci idan shekaru biyar da suka gabace shi ba daidai suke ba.

Turbar da ta Toshe

Sunan garin Turba, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Isa, yana nufin hanya, kuma hanya ita ce babbar matsalar wannan yanki. Ƙasa ce mai tsohon tarihin zirga-zirga. A nan kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Daga baya sarautar Gobir ta kafu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, kuma daga can ne Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba dangi gida biyu, amma ba ta hana kasuwa da aure da wasa ƙetarawa ba.

Abin da iyaka ta kasa yi, 'yan bindiga sun yi shi. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, domin neman mafaka. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. A Disamba na wannan shekara aka ƙona matafiya fiye da 20 a cikin mota kusa da Gidan Bawa. Hanyar dajin Gundumi, wadda ta haɗa Isa da Sakkwato ta Marnona, ta zama abin tsoro ga direbobi. A Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma a watan Agusta aka kashe shi a hannun waɗanda suka kama shi. Idan basarake mai rawani bai tsira a kan wannan hanya ba, ana iya ƙiyasta halin ɗalibi mai jaka da tabarma.

Wannan yana shafar shirin kaka kai tsaye. Ɗalibin da sai ya jira ranar da motoci za su yi ayari, ko sai mahaifinsa ya sayar da ɗan abin da ya rage bayan harajin da 'yan bindiga suka ɗora wa gari, shi ne kan zo rajista a makare. Kafin ya gama bin layin banki da neman makwanci, an riga an yi gwaji an rufe suna. Idan ma ya shiga, to sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: wanda ke cin abinci sau ɗaya a yini ba zai jure atisaye ba, balle a garin da zafin bazara kan wuce maki 40. Lokacin hutu kuma, sa'ad da abokansa ke ci gaba da motsa jiki a unguwanninsu, shi zaɓinsa biyu ne, ko ya bi hanyar nan, ko ya raɓe a ɗakin wani a birni.

Amsa ga Masu Suka

Akwai masu ganin cewa kawo maganar ƙwallo a inda ake zubar da jini rashin sanin ya kamata ne. Wannan suka tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce raga da usur za su kori ɗan bindiga daga daji. Tsaro aikin hukuma ne, kuma babu abin da zai maye gurbinsa. Sai dai tambayar da ke gaban hukumar makaranta ta bambanta da wadda ke gaban kwamandan soja. Makaranta ba ta da bindiga, amma tana da fili da malamai da ɗalibai. Tambayarta ita ce, da abin da ke hannunta, me za ta yi wa saurayin da ya tsallake duk waɗannan haɗurra ya iso ƙofarta?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saurayin da ya ga an kashe nasa, ya zo birni ba shi da kowa, yana buƙatar wurin da zai sauke abin da ke ƙirjinsa, da jama'ar da za ta neme shi idan bai fito ba. Idan makaranta ba ta samar masa ba, mai sayar da ƙwaya zai samar. Bugu da ƙari, rikicin ya shuka zargi tsakanin manomi da makiyayi, har ya kai ɗalibin da ya fito daga ruga yana ɗauke da laifin da bai aikata ba. Wurare kaɗan ne suka rage inda dole ɗan Bahaushe da ɗan Bafulatani su miƙa wa juna abu su amince cewa zai dawo. Fili yana cikinsu, domin mai tsaron baya ba ya tambayar asalin wanda yake ba ƙwallo.

Suka ta biyu ita ce ta masu cewa karatu aka zo yi, wasa kuwa shagala ce. Amsar wannan tana cikin al'adar Hausawa kanta. Ƙasar Gobir ba ta taɓa ɗaukar wasan maza a matsayin ɓata lokaci ba. Bayan an kai amfanin gona gida, dandali kan cika da kokawa da dambe da langa, kuma a nan ake sanin ɗan wane, a nan saurayi ke samun sunan da zai bi shi har tsufa. Jamhuriyar Nijar ta fahimci haka, shi ya sa tun 1975 ta mayar da kokawa gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa, ake zagayawa da ita jiha-jiha ana neman takobi. Ƙwallon ƙafa ya shigo ya zauna a wani ɓangare na wannan dandali. Abin da ke zama shagala shi ne wasan da ba shi da tsari, kuma gyara wannan yana hannun makaranta.

Darasin Maiduguri

Ga mai ganin cewa makarantar da ke cikin yankin rikici ba ta da abin yi a fagen wasa, Jami'ar Maiduguri ta isa misali. Ta shafe shekaru tana karatu a bakin wutar Boko Haram. A watan Janairu na 2017 an tayar da bam a wani masallaci da ke cikinta, inda wani farfesa ya rasa ransa. Duk da haka, ƙungiyarta ta UNIMAID Desert Warriors ce ta lashe gasar HiFL ta 2021. A wannan rana an ambaci Borno a kafafen labarai ba tare da ƙidayar gawa ba, kuma ɗaliban jami'ar sun ga cewa ana iya saninsu da wani abu daban.

Wannan shi ne abin da ke kan sikeli game da Isa da Sabon Birni. A shekarun nan, sunayen garuruwansu ba sa fitowa a rediyo sai tare da hari ko kuɗin fansa, har ta kai sunan Bello Turji ya fi na kowane malami ko manomi ko ɗan kasuwa na yankin yawo a bakin jama'a. Yaron da ke tasowa a can yana buƙatar ya ji an kira sunan wani ɗan garinsu saboda ya zura ƙwallo a raga da rigar jami'a. Irin wannan labari yana komawa gida da sauri, kuma yana gaya wa ƙanne cewa hanyar makaranta tana kaiwa wani wuri.

Abin da Shiri ya Kamata ya Ƙunsa

Matakan da ake buƙata ba su fi ƙarfin makarantun ba. Na farko, kada a rufe gwaji a mako ɗaya. A yi zagaye na biyu bayan an kammala rajistar sababbin ɗalibai, a kuma bar wasu gurabe a buɗe domin masu zuwa a makare. Tare da haka a kafa ƙungiya ta biyu, wadda za ta riƙe masu baiwar da ba su sami horo ba, a ba su shekara guda su cike giɓin da rufe makarantu ya bar musu.

Na biyu, a duba ciki kafin a duba ƙafa. A mafi yawan manyan makarantu ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista. Haƙƙin ɗalibai ne su san inda kuɗin ke tafiya, kuma ciyar da 'yan wasa a lokacin atisaye, da duba lafiyarsu, da ba marasa wurin zuwa makwanci a lokacin hutu, sun fi cancanta da shi a kan bukukuwan buɗe gasa. Haka nan a tsara atisaye bisa yanayin ƙasa, a yi shi da sassafe ko da yamma liƙis a lokacin bazara, a kuma yi la'akari da watan azumi tun wajen zana jadawali.

Na uku, kada a jingina komai a kan gasar ƙasa. Annobar korona ta 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba 2022, sun nuna yadda kaka kan mutu idan ana jiran kira daga Legas ko Abuja. A cikin birnin Sakkwato da kewayensa akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da makarantar horar da malamai ta Shehu Shagari, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Idan aka haɗa da kwalejojin Wurno da Gwadabawa da Gidan Madi, an sami rukunin da zai iya buga gasa gida da waje duk shekara da ɗan kuɗin mota kaɗan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan a farfaɗo da al'adar nan ta keɓe yammacin Laraba domin wasanni, wadda aka san jami'o'i da dama da ita.

Na huɗu, a je inda yaran suke. Da yawa daga cikin iyalan gabas suna zaune a cikin birnin Sakkwato a matsayin 'yan gudun hijira. Ɗaliban sashen ilimin motsa jiki da lafiya, waɗanda dama dole su yi aikin koyarwa na gwaji, za su iya horar da waɗannan yara a filayen makarantunsu lokacin hutu. Yaron da ya saba shiga ƙofar kwaleji da takalmin ƙwallo ya fi sauƙin sha'awar shigarta da littafi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ya kamata a guje musu. Kada a ɗauki ƙungiya a kai ta Isa ko Sabon Birni wasan nuni domin hoto alhali hanya ba ta gyaru ba, domin wannan wasa da rayuka ne. Kada kuma tausayi ya zama ƙofar shigo da sojan haya, wato ɗan wasan da ba ɗalibi ba, wanda ya daɗe yana zubar da mutuncin gasannin makarantu. Ɗan gabas yana buƙatar gurbin karatu na gaskiya da ya samu ta halastacciyar hanya, sannan rigar wasa ta biyo baya.

Nauyin da ke Kan Masana Hausa

Sassan nazarin Hausa sun yi aiki mai yawa a kan wasannin gargajiya. An rubuta kundaye a kan dambe da kokawa da kirarinsu, an kuma nazarci waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace, waɗanda suka sa sunan Shago ya wuce zamaninsa. Amma wasan da ya fi kowane cin lokacin saurayin Bahaushe a yau bai sami kulawar da ta kai girmansa ba, wataƙila saboda ana masa kallon baƙo. Baƙon da ya shekara da yawa a gida, har ya sami sunaye irin su tamaula, ya haifi kalmomi irin su mai tsaron gida, da bugun kusurwa, da satar gida, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya daina zama baƙo.

Akwai aiki a nan ga Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsu. Yaya Gobirci da Sakkwatanci suke sarrafa kalmomin fili, kuma ina suka bambanta da Hausar masu sharhi a rediyo? Waɗanne laƙabobi 'yan kallo ke ba 'yan wasa, kuma me suka gada daga kirarin 'yan dambe? Yaya samarin Isa da na Maraɗi, waɗanda ɗaya ya aro daga Ingilishi ɗaya daga Faransanci, suke fahimtar juna a fili guda? Mafi gaggawa kuma shi ne tarihin baka. Kowane gari a gabas yana da filinsa, da sunayen ƙungiyoyinsa, da labarin wasan da ba a manta ba. Waɗanda ke riƙe da wannan sani sun warwatsu, wasu a Sakkwato, wasu a Gidan Rumji, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗaliban da suka fito daga yankin su ne suka fi dacewa da tattara shi, kuma malamin da ya ba ɗalibinsa irin wannan batu ya nuna masa cewa garinsu abin nazari ne tun kafin bala'i ya same shi.

Kammalawa

Nasarar shirin kaka a manyan makarantun Sakkwato ana iya auna ta tun kafin a busa usur na farko. A ɗauki takardar sunayen 'yan wasa, a duba ƙaramar hukumar kowannensu. Idan shekara ta bi shekara ba a ga Isa ko Sabon Birni ba, kada a yi saurin cewa yankin ba shi da masu ƙafa, domin ƙasar da ta cika dandali da 'yan kokawa ba za ta rasa 'yan ƙwallo ba. Abin da takardar ke nunawa shi ne makarantun da aka rufe, da filayen da suka zama kufai, da hanyar da ta toshe. Buɗe hanyar Gundumi aikin gwamnati ne da jami'an tsaro. Tsawaita gwaji, da ciyar da ɗan wasa, da shirya gasa tsakanin makarantun jihar, da rubuta tarihin filayen gabas, waɗannan suna hannun shugabannin makarantu da masu horarwa da malamai, kuma ana iya fara su a wannan zango.